KWANDO YA FI DANƘO

'Yan'uwana ɗalibai, da iyayenmu masu duba wannan mujalla, ina so in yi magana a kan wata 'yar gardama da ta tashi tsakaninmu a bazarar da ta wuce, wadda har yanzu ba ta kwanta sosai ba. Wani zai ce maganar tsuntsu ce kawai. Haka ne, amma da an bi shawarar da wasu suka kawo a lokacin, da wataƙila abin ya wuce kan tsuntsu.

Ga yadda aka yi. Kowa ya san zafin ƙasarmu daga watan Maris zuwa Mayu, sa'ad da ma'aunin zafi kan haura 40, kududdufai su ƙafe, duwatsun Kazaure da na Roni su yi ta huci kamar tanda. Tsuntsun da ke kusa da Dam ɗin Ayuba ya tsira da ƙishirwa, amma na nesa sai yadda Allah ya yi. Wannan ya sa mu 'yan ƙungiyar manoma ta makaranta muka ajiye kasko biyu a ƙarƙashin darbejiyar da ke bakin lambu, ɗaya na ruwa, ɗaya na tsaki da sharar gero da muke roƙowa wurin mai injin niƙa. Niyyarmu ita ce ƙananan tsuntsaye su samu, watau irin su ba'u, wanda wasu ke kira baiwar Allah, da asisi, da gwara, da kanari. Kwana uku na farko abin gwanin ban sha'awa. A rana ta huɗu sai ga hasbiyoyi sun sauka, a bayansu tattabarun cikin gari, daga ƙarshe kuma hankaki biyu suka zo suka kore kowa, suka shiga kaskon ruwa da ƙafa, suka bar shi kamar taɓo. Abincin da zai wadaci ƙanana wuni guda, kafin a buga ƙararrawar shiga aji an share shi tas.

Da muka yi taro, masu fushi sun fi yawa. Wasu suka ce a kafa masu gadi da danƙo. Wani kuma, wanda ba zan ambaci sunansa ba domin abokina ne, ya ce a jiƙa masara da maganin ɓera a watsa wa hankakin. Ni ban yarda da ko ɗaya ba, ga kuwa dalilaina.

Da farko dai, babban tsuntsu bai yi laifin komai ba. Ba'u bai wuce nauyin giram 10 ba. Hasbiya tana haura giram 300, watau ta yi ba'u talatin ke nan, hankaka kuwa wajen rabin kilo ne. In ka zuba abinci a fili ka ce wa waɗannan su raba, ai kai ne ka shirya kashin dankali, babba a kan ƙarami. 'Yan aji ɗaya sun san wannan karatu tun kafin su san hanyar laburare, domin duk ranar da aka bar tukunya a ɗakin cin abinci babu mai rabo, an san waɗanda za su kwana da yunwa. Ba a taɓa gyara wannan da dukan manyan ɗalibai ba, da tsarin rabo ake gyara shi.

Sa'an nan danƙo ba ya tantance wanda yake kora. Dutse ɗaya in ya tashi, da hankaka da ba'u duk sai su watse, kuma hankaka ne zai riga dawowa, domin shi ya fi wayo, ya fi ƙarfin hali. Ban da haka, ɗalibin da aka ba izinin harbin hankaka yau, gobe kurciya zai harba, jibi gilashin tagar ɗakin kimiyya.

Maganar guba kuwa ita ce ta fi tayar mini da hankali. Hatsin da aka jiƙa da magani bai san bakin da zai shiga ba. Kazar maigadi za ta ci, tattabarar maƙwabci za ta ci. Tsuntsun da ya ci ya je ya faɗi a bayan gari, kyanwa ko shirwa ta ɗauka, ita ma ta bi shi. Kuma iyayenmu sun fi mu sanin cewa yaro in ya tsinci hasbiya tana magagi a gindin katanga, ba zai tambayi abin da ya same ta ba, fige ta zai yi ya gasa, ya ba ƙanensa cinya. To, wa zai ɗauki alhakin wannan?

Mu dubi abin da ya sami ungulu. Iyayenmu sun ce a da ba ka zuwa mahautar Kazaure ko kasuwar Babura ba ka ga ungulaye jere a kan katanga ba. Yau ɗan aji ɗaya nawa ne ya taɓa ganin ungulu da idonsa? A shekarar 2015 masana tsuntsaye na duniya suka sa irin ungulun nan tamu ta cikin gari a jerin waɗanda ke dab da ƙarewa, kuma guba da farautarta don haɗa magunguna suna cikin manyan dalilai. Tun da ta yi ƙaranci, hankaka da shirwa su ne suka rage suna kwashe mushe da ƙazantar mahauta. Hankakan nan da muke zagi, leburan tsafta ne da ba a biyansa albashi. Kirarin da ake yi masa ma, na mai da ɗan wani naka, yana da tushe, domin akwai wani tsuntsu da kan saka ƙwansa a sheƙar hankaka ya tafi abinsa, hankaka ya ƙyanƙyashe ya rena. Ashe shi ma ana cutarsa.

A ƙasar Sin ma an taɓa yanke wa tsuntsu hukunci cikin fushi. A shekarar 1958 gwamnatin Mao ta ba da umurni a kashe gwara saboda tana cin hatsi. Aka yi ta kaɗa gwangwani da ganguna ana hana ta sauka har ta faɗo don gajiya. Da gwara ta ƙare sai fari da sauran ƙwari suka sami sake a gonaki. A 1960 aka janye umurnin, amma ƙasar ta riga ta shiga yunwar da ta kashe miliyoyin mutane tsakanin 1959 da 1961. Ba kashe gwara kaɗai ya jawo yunwar ba, amma ya ƙara mata ƙarfi.

To, in ba danƙo ba guba, sai me? Amsar ba a littafi na same ta ba. Da aka yi hutu na je ƙauyenmu a ƙasar Gwiwa, na ba kakata labari. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Kai maigidan, duk bokon naka ba ka san yadda ake ciyar da 'yan tsaki ba?" Ta ja ni bayan ɗaki ta nuna mini. Ta kafa karan dawa a zagaye, kusa da kusa, ta ɗaure samansu wuri ɗaya kamar jinka, ta ajiye tsaki da gara a tsakiya. 'Yan tsaki suna shiga ta tsakanin kara suna fita yadda suka ga dama, uwarsu da zakara da agwagwa kuwa suna zagaye suna leƙe, ba hanya. Ba a doki kowa ba, ba a kori kowa ba, ƙofa kawai aka ƙuntata. Na tsaya ina kallo, kunya ta kama ni, domin mu talatin muka yi taron awa biyu a kan abin da tsohuwa ta gama da shi tun kafin a haifi ubana.

Da muka dawo na faɗa wa malaminmu na aikin gona. Ya ce, "Madalla, ai a Ingila da Amurka ma haka suke yi, sai dai su da ƙarfe suke ƙera kejin su sayar." Muka sami tsohon kwando mai manyan idanu muka kifa a kan kaskon tsaki. Ba a rana ɗaya muka dace ba, kuma kurakuran da muka yi su ne suka fi amfani a faɗa.

Faɗin ƙofa shi ne gaba da komai. Yatsu biyu na babban mutum, wajen inci ɗaya da rabi, ya isa. In ya fi haka kurciya za ta kutsa, in bai kai ba gwara za ta tsaya a waje. Na biyu, kaskon ya zauna a tsakiya sosai, da tazarar taƙi ɗaya ko fiye daga jikin kwandon ta kowane gefe. Mu da farko mun manta da wannan, sai muka tarar da hankaka ya zura wuya ta ido ɗaya yana ci a tsanake, yana kallonmu kamar shi ya ba da kwangilar. Da muka matsar da kaskon, sai ya koma ɗaga bakin kwandon da baki. Sai da muka kafa turaku uku muka ɗaure, muka ɗora dutse a sama, sa'an nan ya haƙura. Turakun sun yi mana maganin akuya ma.

Irin abincin da aka zuba shi ma yana kiran mai cinsa. Ƙwayar masara da gyaɗa da ragowar tuwo gayyatar hankaka da tattabara ne. Ƙananan nan ɓarzajjen gero da tsaki mai laushi suke so, kuma tafi ɗaya da safe ya isa. Kada a bari ya zube a waje, domin hasbiya da kurciya a ƙasa suke kiwo, ƙwaya goma a waje ta isa ta tara su. Daga baya mun ɗora kwandon a kan wani teburin kara mai tsayin ƙugu saboda kyanwa da ɓeraye, muka kuma matsar da shi kusa da magarya, domin ƙaramin tsuntsu ba ya sakin jiki in babu ƙayar da zai faɗa ciki sa'ad da shaho ya kawo sura.

Ruwa kuwa ban ga dalilin hana kowa shi ba. Malamanmu na addini sun karantar da mu cewa akwai lada a shayar da duk wani mai rai, ba su ce sai ƙarami ba. Abin da muka yi shi ne muka raba masu mashaya. Ƙanana nasu kasko marar zurfi a cikin kwando, da 'yan tsakuwa a ciki don su sami wurin tsayawa, manya kuma tsohuwar tasa can nesa a bayan lambu. Wannan rabuwa tana da wani amfani da ya wuce zaman lafiya. A Ingila, a shekarar 2005, wata cuta ta maƙogwaro da aka sani a jikin tattabaru ta ɓulla a jikin wani ɗan tsuntsu kore dangin kanari, kuma masana suna ganin a wuraren ciyarwa na gidaje, inda manya da ƙanana ke haɗa baki, ta yaɗu. Kafin 2021 fiye da rabin irin wannan tsuntsu ya ƙare a ƙasar. Mu ma nan ba mu manta da murar tsuntsaye ba, wadda aka fara tabbatar da ita a Jaji ta Jihar Kaduna a watan Fabrairu na 2006, ta kuma halaka kaji masu yawa a gonakin Kano. Saboda haka a riƙa wanke kaskon kullum ana shanya shi a rana, a nisanta shi da akurkin kaji, wanda ya wanke kuma ya wanke hannunsa da sabulu. In an ga mataccen tsuntsu a wurin, a kwashe komai a dakata.

Saura magana ɗaya, wadda na san tana bakin iyayenmu manoma, kuma ita ce ta fi nauyi. Za su ce, "Yaro, mu muna kwana a gona muna korar tsuntsu, kai kana kiwonsa?" Ba zan ɓoye ba, ƙofar da ta ɗauki gwara za ta ɗauki jan baki, wanda kan sauka dubu-dubai a kan gero da dawa da shinkafa, har ta kai gwamnati na hayar jirgin sama yana feshi a kwarin Haɗejiya. Amma jan baki tsuntsun garke ne, da tsabar ciyawar daji da manyan fadamu yake rayuwa, tafi ɗaya na tsaki a cikin kwando ba zai ƙara shi ba, hana shi kuma ba zai rage shi ba. Gwara da marai kuwa, duk da ɓarnar da suke yi da kaka, da tsutsa da fara suke ciyar da 'ya'yansu da damina.

Duk da haka manomi yana da gaskiyarsa, don haka a sa wa abin lokaci. A fara a watan Maris. Kada a daina da ruwan farko, domin a nan ne yunwar masu cin tsaba ta fi tsanani, tun da yake duk ƙwayar ciyawar da ke ƙasa ta tsira ta zama ganye, sabuwa kuma ba ta nuna ba. Amma da zarar gero ya fara fitar da kai, a ɗauke kaskon tsaki a ajiye, kada a saba wa tsuntsu da zama kusa da gona lokacin da hatsi ke tsaye.

Kwandonmu na bara gara ta ci gindinsa, rana kuma ta gama da sauran. Muna bukatar uku kafin Maris mai zuwa, ɗaya a lambu, ɗaya a bayan ɗakin kwanan 'yan aji ɗaya, ɗaya kusa da masallaci. Duk iyayen da ke da tsohon kwando mai manyan idanu, ko guntun ragar waya da aka cire daga akurki, a taimaka a ba yaro ya taho da shi in an dawo hutu. Wanda ya ba da shawarar maganin ɓera shi ne yanzu mai wanke kasko ranar Litinin da Alhamis, kuma shi za a danƙa wa.