"Maganin Ziyam" Da Kuɗin Gyaɗar Gwaggo

A kakar bara na je Yalwa, can ƙasar Rano ta wajen Kibiya, domin gaida ƙanwar mahaifina wadda aka ce mini tana fama da ciwon ƙafa da rashin barci. Bayan mun gaisa, an kawo mini fura, sai ta miƙa hannu ƙarƙashin filo ta jawo wata farar roba mai cike da ƙwayoyi ta ɗora mini a cinya, ta ce, "Ɗan nan, tun da an ce kai dakta ne, duba mini maganin ziyam ɗin nan, guda nawa ake sha?" Na ce, "Gwaggo, ai ni daktan harshe ne, ba na allura ba." Ta ce, "To ai rubutu ne a jiki, karanta." A nan ta ɗaure ni. Da na duba sai na ga ƙwayar maganeziyam ce, ta saya a hannun wani mai mota da amsa-kuwwa ran kasuwa, bayan ta sayar da kwano huɗu na gyaɗarta. Mai motar ya gaya wa jama'a cewa tana maganin hawan jini da ciwon suga da sanyin ƙashi da rashin barci da kasala. Saboda haka Gwaggo ta ajiye maganin hawan jinin da aka rubuta mata a asibiti, wai kada abu ya yi mata yawa.

Abin da ya fara ɗaukar hankalina, bisa ga sana'ata, shi ne sunan. Kunnen Bahaushe ba ya barin baƙuwar kalma ta zauna yadda ta zo, sai ya yi mata kwaskwarima, kamar yadda muka samu "asibiti" da "likita" daga Turanci. Gwaggo ta ji "maganeziyam", ta tsinkayi "magani" a farkonsa, ta yanke sauran ta mai da shi sunan wata cuta ko wani gari. Alhali kalmar ba ta haɗa komai da magani ba. Daga Magnesiya ta fito, wani yanki na ƙasar Girka, kuma a 1808 ne wani Bature ɗan Ingila, Humphry Davy, ya fara ware sinadarin. To, amma wannan ɗan kuskuren ji ya tona wani giɓi da ke cikin harshenmu. Duk abin da aka ɗura a kwalba ko aka dunƙule shi ƙwaya, "magani" muke ce masa. Ba mu da kalmar da ta zauna a bakin jama'a wadda ke bambanta abin da ke warkar da cuta da abin da ke cike gurbin da abinci ya bari. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ta wannan tsaga ce 'yan kasuwa suka shigo.

Kada mai karatu ya zaci ina raina sinadarin ne. Ko kusa. Jikin babban mutum yana ɗauke da kimanin giram 25 na maganeziyam, fiye da rabinsa a cikin ƙashi, kuma yana da hannu a ayyuka sama da 300 na cikin jiki: motsin tsoka, saƙon jijiya, bugun zuciya, sarrafa suga. Namiji baligi yana buƙatar miligiram 400 zuwa 420 a rana, mace kuwa 310 zuwa 320. Akwai kuma waɗanda da gaske yake yi musu ƙaranci, kamar masu ciwon sugan da ba a shawo kansa ba, domin suna zubar da shi a fitsari, da masu zawo mai daɗewa, da waɗanda suka shekara suna shan wasu magungunan gyambon ciki irin su omeprazole, da masu shan ƙwayoyin da ke sa fitsari, da tsofaffin da cin abincinsu ya ja baya. Irin waɗannan idan likita ya rubuta musu, ya yi daidai.

Hasali ma, mu Kanawa muna da dalilin girmama wannan sinadari fiye da mutane da yawa. Jijjigar masu ciki ta daɗe tana cikin manyan abubuwan da ke kashe mata wajen haihuwa a Arewa. A 2002 aka buga sakamakon wani babban gwaji mai suna Magpie, wanda ya ƙunshi mata sama da 10,000 a ƙasashe 33, ya nuna cewa allurar maganeziyam salfet tana rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi. A 2008 aka shigar da allurar a manyan asibitoci goma na Jihar Kano, da haɗin gwiwar ƙungiyar Population Council da likitoci irin su Jamilu Tukur na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Kafin nan, kusan mace ɗaya cikin biyar da wannan larura ta kai su asibitocin ba ta komawa gida. Bayan an fara amfani da allurar, adadin ya faɗo daga kashi 20.9 cikin 100 zuwa kashi 2.3. Magani ne mai arha, kuma ban san wani abu da ya yi wa matan karkarar jihar nan irin wannan rana cikin shekara guda ba. Amma a lura: allura ce, a asibiti, da ma'auni, ga ungozoma tsaye tana duba numfashi da fitsarin maras lafiya, domin idan ta yi yawa ita ma kisa take yi. Ba ita ce ƙwayar da ke cikin robar Gwaggo ba, ko da yake mai amsa-kuwwa zai so a ɗauka duk kanwar ja ce.

To ita ƙwayar fa, me aka tabbatar game da ita? Game da hawan jini, da aka tattara gwaje-gwaje da dama a 2016, an ga tana rage shi da kimanin maki biyu kacal. Wanda awonsa ya kai 170 ba zai tsira da maki biyu ba. Game da ɗaurewar tsokar ƙafa da dare, wadda ita ce ainihin kukan Gwaggo, masu bitar bincike na Cochrane sun duba a 2012, suka sake dubawa a 2020, suka ce da wuya ta amfani tsofaffi. Abin da kowa ya yarda tana yi shi ne sakin ciki. Iyayenmu da suka sha gishirin Andurus sun san haka tun ba yau ba, domin akwai maganeziyam a cikinsa. Shi ya sa masana a Amurka suka sa miligiram 350 a matsayin iyakar abin da babba zai sha a rana ta hanyar ƙwaya. Ƙoda ce ke fitar da rararsa, saboda haka mai ciwon ƙoda yana iya tara shi a jini har ya taɓa zuciya, kuma masu hawan jini da suga da suka daɗe ba kulawa, su ne kan gaba wajen lalacewar ƙoda ba tare da sun sani ba. Bugu da ƙari, idan aka haɗa shi lokaci ɗaya da tetracycline ko ciprofloxacin, wanda mai kemis ke bayarwa da an ce taifod, sai ya riƙe su a hanji ya hana jiki ɗaukarsu.

Haka abin yake ga sauran bitamin da ake yayi. Tunanin cewa abu mai amfani idan an ƙara shi amfaninsa zai ƙaru, bincike ya sha ƙaryata shi. A ƙasar Finland an ba dubban maza masu shan taba ƙwayar beta-karotin da fatan za ta kare su daga sankarar huhu. Da sakamako ya fito a 1994, sai aka ga cutar ta ƙaru da kashi 18 cikin 100 a tsakanin waɗanda suka sha. A 2022 kwamitin da ke ba Amurka shawara kan rigakafi ya ce babu isasshiyar hujjar cewa haɗakar bitamin tana kare lafiyayyen mutum daga ciwon zuciya ko sankara. Wannan a ƙasar da ake ƙera ƙwayoyin ke nan.

Abin da ya fi ci mini rai a Yalwa shi ne lissafin cinikin. Gyaɗar da Gwaggo ta sayar tana ɗauke da kimanin miligiram 170 na maganeziyam a kowane giram 100. Wake yana da kusan 180, dawa kimanin 165, gero sama da 100, riɗi kuwa, wanda ake lodinsa a Dawanau ana fita da shi ƙasashen waje, ya kai 350. Ga zogale da rama da kuka a bayan ɗaki. Wato ta fitar da sinadarin daga rumbunta da arha, ta sayo shi a roba da tsada. Mutumin da ya karya da ƙosai da kunun gyaɗa, ya sha fura da rana, ya ci tuwon dawa miyar kuka da dare, da wuya a ce maganeziyam ya yi masa ƙaranci. Inda ake asararsa shi ne wajen surfe mai tsanani, domin yawancinsa a dusa yake, mu kuwa mu ba akuya. Sai kuma sauyin cimar da ya zo mana: farar shinkafa, burodi, taliyar leda, lemon kwalba. A nan dole in juyo kanmu, mu 'yan boko mazauna birni, domin mu ne muka fara barin tuwon dawa muna kallonsa abincin ƙauye, mu ne kuma yanzu muke jera robobin bitamin a kan teburin cin abinci, muna tura wa juna bidiyon masu tallarsu a WhatsApp. Mai amsa-kuwwa bai ƙirƙiro komai ba, abin da ya gani a hannunmu ya kai ƙauye.

Ba na cewa abinci ya wadatar a ko'ina. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 68 cikin 100 na yara 'yan wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini, haka ma kashi 58 na mata masu shekara 15 zuwa 49. Hatsin da nake yabo yana da wani sinadari da ke rage wa jiki ɗaukar ƙarfe da zink, ko da yake jiƙo da tsimi irin na koko suna rage ƙarfinsa. Don haka akwai cikon da aka tabbatar da amfaninsa ba tare da jayayya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta sha miligiram 30 zuwa 60 na sinadarin ƙarfe da maikirogiram 400 na folik asid kullum. Tun 2004 ita da UNICEF suka ba da shawarar a ba yaro mai gudawa zink na kwana 10 zuwa 14 tare da ruwan gishiri da suga. Ana ɗiga wa ƙananan yara bitamin A sau biyu a shekara. Tun 1993 Nijeriya ta wajabta sa aidin a gishiri, abin da ya sa maƙoƙo ya ja baya ƙwarai, kuma a 2002 aka wajabta ƙara bitamin A a fulawa da suga da man girki. Duk waɗannan ko dai kyauta ne ko kuma kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Abin takaici, su ne ake wa riƙon sakainar kashi. Na sha jin mata suna cewa jar ƙwayar awo tana sa ɗa ya yi girma a ciki haihuwa ta yi wuya, sai a zube ta a bayan gado, a je a sayi kwalbar "ƙarin jini" mai zaƙi da hoton ƙato a jiki.

A nan ne nake ganin laifin hukuma da namu na masu nazarin harshe. Ire-iren waɗannan kaya da yawa, musamman na gargajiya da aka zuba a kwalba, suna ɗauke da lambar NAFDAC, kuma jama'a sun ɗauki lambar a matsayin shaidar cewa abin yana warkarwa. A jikin wasunsu akwai wani ɗan layi da ke cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba. An rubuta shi da Turanci, da ƙananan baƙaƙe, a gefen da ba a dubawa. Alƙawarin warkarwa kuwa da Hausa ake yin sa, da ƙarfi, da barkwanci, har da rantsuwa. Muddin gargaɗi yana cikin harshen da mai saye ba ya ji, talla kuma tana cikin harshen uwarsa, to an riga an yanke wa mai saye hukunci. Ina ganin ya kamata NAFDAC ta wajabta cewa duk irin wannan kaya da za a sayar a Arewa ya ɗauki jimla biyu da Hausa, da boko da ajami, da manyan baƙaƙe: cewa wannan ba ya maye gurbin maganin da likita ya rubuta, kuma mai ciwon ƙoda da mai ciki kada su sha sai da izinin likita. Gidajen rediyonmu da ke karɓar kuɗin talla su ma a ɗora musu karanta wannan gargaɗi da murya ɗaya da ta tallar, ba da gudu a ƙarshe ba. Cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, wadda ta ba mu Ƙamusun Hausa a 2006, tana iya zama da likitoci da masana haɗa magunguna a tsai da kalma guda. Ni "cikon abinci" nake ba da shawara, domin duk wadda ta taɓa auna hatsi a kasuwa ta san ciko ba ya zama kwano.

Washegari na ɗauki Gwaggo zuwa asibiti a Rano. Aka auna jininta aka tarar ya hau sosai, aka mayar da ita kan maganinta, aka kuma rubuta mata gwajin ƙoda. Ma'aikaciyar jinyar ta karɓi robar ta jujjuya, ta ce a ajiye tukuna sai sakamako ya fito. A hanyar komawa Gwaggo ba ta ce komai ba sai da muka kusa gida, sannan ta tambaye ni ko mai motar zai yarda ya karɓi sauran ya mayar mata da kuɗin kwano biyu. Na ce mata ban ga alama ba, domin an ce tun makon jiya ya koma wata kasuwar.