Kafin a kawo wa manoma manhaja, a gwada ta da sunan Mu'azu

Kusan kowace gwamnati sai ta zo da sabuwar rajistar manoma: a ɗauki suna, lambar waya da girman gona, a ce taki na tafe. Tun rabon taki ta wayar salula na 2012, lokacin Akinwumi Adesina yana ministan noma, ake wannan. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, wa ya gwada manhajar kafin a kai ta Bakori ko Ƙafur?

Gwajin manhaja sana'a ce mai zaman kanta. Mai gwaji ba shi ke ƙera manhaja ba, aikinsa ya gano inda za ta karye kafin ta karye a hannun jama'a. Da yawansu suna aiki da Python, harshen rubuta wa kwamfuta umarni wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991. Da 'yan layuka kaɗan, mai gwaji zai sa kwamfuta ta cike fom sau dubu kafin ya gama shan shayi, ta kuma nuna masa waɗanda suka maƙale.

Amma Python ba ta san Funtua ba, abin da aka ba ta shi take gwadawa. Idan sunayen gwajin duk irin su John da Mary ne, komai zai tafi sumul. Sai an saka Mu'azu, Sa'adu ko Rabi'u za a ga fom ɗin da ke ƙin karɓar alamar da ke tsakiyar sunan. Ɗanjuma kuwa, in aka buɗe fayil ba da tsarin UTF-8 ba, harafinsa na farko kan koma wasu alamomi marasa ma'ana. Lambar waya ma tana da nata tarkon: in aka karanta ta a matsayin adadi, sifilin farko ya ɓace, saƙon taki ya tafi iska. Ga shi lambar waya da NIN da BVN duk lambobi 11 ne, manhajar da tsawo kawai take dubawa za ta haɗiye kowacce a gurbin kowacce. Mafi ciwo shi ne umarnin goge sunan da ya maimaitu. A ƙauyen da ake da Musa Ibrahim biyar, huɗu sun rasa taki ke nan, kuma ba wanda zai faɗa musu dalili.

Akwai kuma batun sabis. A Satumban 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Funtua, Bakori da Malumfashi. Manhajar da ba ta iya ajiye bayani sai da intanet ba ta wannan yankin ba ce.

Kada a ce ƙaramin abu ne. A 2025 JAMB ta amsa cewa matsalar na'ura ta shafi sakamakon ɗalibai kusan 380,000, har shugabanta, Farfesa Ishaq Oloyede, ya nemi afuwa a bainar jama'a. Ɗalibai suna da masu yi musu kururuwa a Facebook. Manomin da sunansa ya ɓace sai dai ya ce an yi masa cuwa-cuwa, ya koma gida.

Don haka ya kamata gwamnatin Katsina ta sa sharaɗi a duk kwangilar manhajar manoma: ba za a biya kuɗin ƙarshe ba sai an ga rahoton gwaji, wanda aka yi da sunayenmu, da ƙananan wayoyin da ke hannun mutane, a wurin da sabis ke ɗaukewa. Masu yin aikin ma ba sai an ɗauko su daga Legas ba. Shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta fara a 2023 yana koyar da tabbatar da ingancin manhaja, kuma matashin Malumfashi da ya koya ya riga ya san Musa Ibrahim nawa ne a unguwarsu.