A Ina Tambaya Za Ta Tsaya?

Hausawa suna cewa matambayi ba ya ɓata, amma kuma yaro mai yawan "don me" akan ce ba shi da kunya. To, a ina ya kamata tambaya ta tsaya? Ga abin da ya faru a gidanmu.

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa ya wadata a ƙasar Bebeji rani da damina, yara kuwa ba su da aiki sai wanka. Da na je hutun bara, na tarar ƙanena yana fitsarin jini. Na tambayi dalili, aka ce zafin rana ne. Na ce, don me ƙanwarmu ba ta yi, alhali rana ɗaya ke dukansu? Aka ce ai alamar balagar ɗa namiji ce. Na ce yaron shekararsa tara kacal. Nan kawuna ya ce, "Kai, boko ya sa maka surutu!" Na ja bakina na yi shiru.

Da na dawo makaranta sai na tambayi malaminmu na kimiyya. Ya ce tsargiya ce: wata tsutsa ke girma cikin katantanwar ruwa, ta fito ta huda fatar mai wanka, ta zauna a jijiyoyin mafitsara. Wani likita Bajamushe, Bilharz, ya fara ganinta a Alƙahira a 1851, amma sai a 1915 wani masani, Leiper, ya tabbatar ta katantanwa take bi. Da an tsaya a amsar farko, da ba a san hanyar kariya ba.

A ganina, kada a bar tambaya sai an sami amsar da za a iya gwadawa, wadda kuma ta nuna abin yi. "Zafin rana" bai kai ƙanena ko'ina ba. Amma da na rubuta wa Baba bayanin malam, kawuna da kansa ya kai yaron asibiti. Aka duba fitsarinsa, aka ga ƙwan tsutsa, aka ba shi magani, jinin ya ɗauke. A nan tambaya ta ƙare, mai ci gaba kuwa gardama yake nema.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu su riƙa haƙuri da tambayoyinmu, ba raini ba ne. Mu kuma 'yan'uwana ɗalibai, mu yi tambaya da ladabi. Allah Ya sa mu dace, amin.