Katin Kyauta Ba Jakar Fatauci Ba Ne

Maganarmu ta wannan wata a kan yaranmu ce masu zuwa sarin kaya Guangzhou, ƙasar Sin, su sauka a unguwar Xiaobei. Labari ya iske mu waɗansunsu suna sha'awar zuba jarin iyayen gidansu cikin katin kyauta na kasuwannin intanet, irin su JD.com, wai ya fi sauƙin ɗauka.

To, ku sani tun 2011 hukumar Sin ta sa wa katunan nan linzami. Katin da ba sunan kowa a kansa ba ya wuce yuan 1,000. Mai suna kuwa iyakarsa yuan 5,000. Wanda ya sayi na yuan 10,000 a tashi ɗaya, tilas a rubuta sunansa. Dalili kuwa, da su ake kai wa ma'aikata toshi, da su ake zille wa haraji.

Yanzu mu yi lissafi. Mai jarin yuan 50,000 sai ya tara kati 50 marasa suna, kamar mai ƙirgar goro. Alhali katin kamfani ɗaya ba ya ci a rumfar wani, balle wurin masu tufafi da jakunkuna na Sanyuanli. In kuma marar suna ya faɗi a mota, wanda ya tsinta ya sami rabonsa.

Duk mai aiken yaro bana, ya tambaye shi hanyar da kuɗin za su bi kafin ya danƙa masa.