Ra'ayinmu: Wa Zai Nuna Mana Ƙasarmu Daga Sama?

A jihar Kalifoniya ta Amurka akwai wani lilo da mutane ke yi wa dogon layi. Sunansa Soarin', kamfanin Disney ne ya buɗe shi a 2001 a wani wurin shaƙatawarsa. Ba jirgi ba ne, ko daga cikin ɗaki ba ya fita. Mutum 87 ne ke zama a kujeru sahu uku, a ɗaure su da bel, sai wani ƙarfe ya ɗaga su sama ya cusa su gaban wani ƙaton allon majigi mai siffar ƙwarya, wanda faɗinsa ya kai kusan mita 24. Ƙafafunsu na reto. Duk inda mutum ya waiga, hoton ƙasa yake gani kamar yadda shaho ke ganinta. Ana hura musu iska a fuska, ana fesa ƙamshi, kujerun kuma suna ɗan karkacewa daidai da motsin hoton. Da ido da jiki suka haɗa baki, sai ƙwaƙwalwa ta yarda cewa tashi ake yi. Duk abin bai wuce minti biyar ba.

Fim ɗin farko da aka sa a ciki na Kalifoniyar ne kanta: duwatsunta, gonakin lemo, bakin teku. A 2016 aka kawo wani mai zagaya duniya. A cikinsa Afirka ta fito sau biyu, garken giwaye kusa da dutsen Kilimanjaro, sai dalolin Masar. Shi ke nan rabonmu. Kanada ta buɗe irin nata a birnin Bankuba a 2013, ƙasar Iceland ma ta yi nata a 2019, kowa na nuna ƙasarsa. Wato mutum ya biya kuɗi don a nuna masa gidansa daga sama, ya fito yana murna.

To, 'yan'uwa ɗalibai, mu fa? A nan Birnin Tsaba idan aka ji ƙugin jirgi ba wanda ke tunanin yawon buɗe ido. Tambayar da ke zuwa bakin kowa ita ce, yau kuma ina ne? A watan Maris na 2021, bayan sace ɗalibai mata a Jangebe, gwamnatin tarayya ta hana jirage shawagi a sararin samaniyar Zamfara. Abin takaici ne a ce masu ganin garuruwanmu daga sama galibi matuƙan jiragen yaƙi ne, mu da aka haifa a ciki kuwa sai dai mu gan su a zanen alli. Ko fita ziyarar gani da ido ta zama abin da iyaye ke fargaba, kuma ba mu ga laifinsu ba. Hanya ba lafiya.

Ga shi kuwa muna da abin kallo. Da za a ɗauki namu fim ɗin, sai a fara daga Dutsi a ƙasar Zurmi, inda tarihi ya ce Zamfarawa suka fara zama. A bi Gulbin Bunsuru, a ga yadda yake zama farin yashi da rani, ya cika ya batse da damina. A karkata zuwa Gulbin Gagare da ke ratsa gefen Kaura Namoda, a nuna inda layin dogo da ya taso daga Zariya ya ƙare tun 1929. A wuce ta fadamun Shinkafi, a leƙa madatsar ruwa ta Bakolori, a zagayo ta dutsen Kwatarkwashi. Ɗalibin da ya ga wannan sau ɗaya ba sai an sa shi haddace dalilin da ya sa garuruwa ke bin bakin gulbi ba. Zai gani da idonsa. Zai kuma gane cewa Jamhuriyar Nijar ta fi Abuja kusa da mu nesa ba kusa ba, abin da kakanninmu fatake suka sani ba tare da taswira ba.

Ba mu ce a gina mana lilon Disney ba, mun san aljihunmu. Ba kuma mu nemi jirgi marar matuƙi ba, domin a halin da ake ciki ba abin wasan yara ba ne. Abin da muke roƙo ƙarami ne. Akwai manhajar Google Earth, kyauta ce, tana nuna hotunan tauraron ɗan'adam na kowane lungu na duniya, har da namu. Tana ma iya jera hotunan wuri ɗaya tun daga 1984 zuwa yanzu, a ga inda daji ya ja da baya da inda gari ya faɗaɗa. Kwamfuta ɗaya, majigi ɗaya, farin bango, da data ta 'yan awoyi sun isa. Idan babu majigi, ko wayar malami ce a zagaya da ita benci-benci.

Mun san abin da wasu za su ce: ana fama da ƙarancin kujeru da littattafai, ku kuna zancen kallon sama. Gaskiya ne ana fama. Amma ba mu nemi a rage ko benci ɗaya ba. Darasin labarin ƙasa yana nan cikin jadawali, ana kuma tambayar karatun taswira a jarrabawar WAEC da NECO. Wanda bai taɓa ganin garinsu daga sama ba, ta yaya zai karanta taswirar garin da bai sani ba? Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Kaura Namoda, makwabciyarmu ce. Wasiƙar aron majigi ko neman malami ɗaya ya zo ya nuna mana ba za ta gagari makaranta ba.

Don haka muna kira ga shugaban makaranta, da malamanmu na labarin ƙasa, da ƙungiyar iyaye da malamai, Allah ya ƙara musu girma, su ware mana ko da darasi ɗaya ne a kowane zango. Mu 'yan wannan ƙungiya mun ɗauki nauyin share ajin, toshe tagogi saboda haske, da rubuta rahoton abin da aka gani a wannan allo.

Mun liƙa farar takarda a ƙasan wannan rubutu. Kowa ya rubuta ajinsa da wurin da yake son a fara nunawa. Ranar Juma'a bayan taron safe za mu cire ta mu kai ofishin shugaban makaranta.