Ra'ayina: Wasan da 'Yan Wasa Suka Ƙera da Kansu



Duk sanda aka ambaci wasan kwamfuta a taron safe, kalma ɗaya muke ji: ɓata lokaci. Ban musa ba, domin na san masu kwana a kan waya har su zo aji suna gyangyaɗi. Amma ina roƙon a saurari labarin wani wasa mai suna Enderal kafin a yanke hukunci.

A watan Nuwamba na 2011 kamfanin Bethesda na Amurka ya fitar da Skyrim, wasan da mutum ke shiga rigar jarumi ya yi yawo a ƙasar tatsuniya mai dodanni da matsafa. Bayan 'yan watanni, kamfanin ya saki manhajar da ake gina wasan da ita, mai suna Creation Kit, kyauta. Da yawa sun yi ƙananan kwaskwarima da ita, wani ya ƙara takobi, wani ya sauya riga. Irin wannan kwaskwarimar ake kira mod. Su kuwa wasu masoya wasan a Jamus, masu kiran ƙungiyarsu SureAI, sai suka kwashe ƙasar Skyrim gaba ɗaya suka bar injin kawai, kamar a cire jikin mota a ɗora wani sabo. Suka zana sabuwar ƙasa da biranenta, suka rubuta sabon labari, suka tsara kiɗa, aka naɗi muryoyin mutanen cikin wasan da Jamusanci da kuma Turanci. Aikin ya ci kusan shekara biyar, bai fito ba sai 2016. Kuma ba shi ne na farinsu ba, a 2010 sun yi Nehrim a kan wasan Oblivion.

Abin da ya fi burge ni wata doka ce da suka ƙirƙiro. A Skyrim, idan aka ji maka rauni sai ka yi ta kwankwaɗar magani son ranka. A Enderal kuwa, duk maganin da ka sha yana ƙara maka wani zazzaɓin tsafi, in ya kai ɗari bisa ɗari jaruminka ya mutu. Wani ne ya zauna ya yi lissafin nawa kowace kwalba za ta ƙara, don kada wasan ya yi sauƙi ainun ko ya gagari mutane. To, wannan ba lissafin kaso ba ne da muke gudu a aji?

Ga inda za a kama ni: ko sisi ba su sayar da shi ba. Kyauta ake sauke shi, muddin mutum ya mallaki Skyrim, don injin na Bethesda ne. Wani zai ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Akwai gaskiya a ciki, ni ma abin ya tsaya mini a rai. Sai dai aikin ya zama shaidarsu. A 2019 Enderal ya samu shafinsa na kansa a kasuwar wasanni ta Steam, jagoran rubuta labarinsa kuma, Nicolas Lietzau, ya wallafa littafin ƙagaggen labari daga wannan duniyar a 2020.

Roƙona ga malamin kwamfuta da shugaban makaranta shi ne a ware mana awa ɗaya a mako a ɗakin kwamfuta, mu gwada gina ƙaramin wasa da manhajar Scratch, wadda kyauta ce. Masu zane a bayan littafin darasi su zana, 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo su ba da murya, mu 'yan jarida mu rubuta labari. Gizo da Ƙoƙi ma sun ishe mu farawa. Mai sha'awa ya same mu ranar taron kulob.