Gandun dajin W: Samun shiga jerin UNESCO ba shi ne ƙarshen aiki ba

Mutanen Gaya a jihar Dosso na maƙwabtaka da wani daji da duniya ta san darajarsa: gandun dajin W, wanda ya samo sunansa daga yadda Kogin Kwara ya lanƙwasa kamar harafin W. A 1996 hukumar UNESCO ta sanya ɓangaren Nijar cikin jerin wuraren gado na duniya, sannan a 2017 aka faɗaɗa shi ya haɗa da Arly na Burkina Faso da Pendjari na Benin.

Ta yaya wuri ke samun wannan matsayi? A ƙarƙashin yarjejeniyar 1972, ƙasa ce ke fara sanya wurin cikin jerin share fage, sannan ta miƙa cikakken bayani. Ƙwararrun ƙungiyar IUCN su je su duba, kwamitin ƙasashe 21 ya yanke hukunci. Cikin sharuɗɗa 10 da ake dubawa, huɗu ne suka shafi halittu: kyawun wuri, tarihin samuwar ƙasa, yadda rayuwar tsirrai da dabbobi ke gudana, da kuma mafakar nau'o'in da ke fuskantar ƙarewa. W ya cika na ukun da na huɗun, domin yankin na daga cikin mafaka ta ƙarshe ga giwaye da zakunan Afirka ta Yamma.

Sai dai cika sharaɗi kaɗai bai wadatar ba. Dole a samu doka, da iyaka sananniya, da ma'aikatan da ke tsaron wurin. A nan gizo ke saƙa. 'Yan bindiga sun samu maɓoya a dajin, kuma a Fabrairun 2022 an kashe ma'aikatan gandun a ɓangaren Benin. Tsamin dangantaka tsakanin Yamai da Kotonu tun juyin mulkin Yulin 2023, wanda ya kai ga rufe gadar Gaya zuwa Malanville, ya ƙara wahalar da aikin haɗin gwiwa, alhali giwa ba ta san iyaka ba.

Matsayin kuma ba na dindindin ba ne. Yankin Air da Tenere na cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari tun 1992, yayin da aka cire wani gandun ƙasar Oman gaba ɗaya a 2007 bayan gwamnati ta zaftare faɗinsa.

UNESCO ba ta da dakarun da za ta tura dajin W. Tsaronsa na wuyan gwamnatocin uku, tare da makiyaya, masunta da manoman da ke rayuwa a gefensa.